Kira ga Hukuma: A Riƙa Gwada Kifin da Muke Ci

Zuwa ga Mai Girma Ministan Harkokin Teku da Albarkatun Ruwa, da shugabannin hukumomin NAFDAC da NESREA, da Masu Girma Gwamnonin jihohin Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Kebbi da Neja da Zamfara.

Ranku ya daɗe,

 Ni mazaunin Kano ne, magidanci, kuma kamar yawancin magidanta a yau, kifi ya fi nama shiga cefanen gidana. Wannan ne ya ba ni bakin magana.

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kwata ya san saniya ba ta isa teburin mahauci sai ta bi ta hannun ma'aikacin lafiyar dabbobi. Zai duba ta da ranta, in an yanka ya duba huhu da hanta, in ya ga abin da hankalinsa bai kwanta da shi ba ya sa a binne. Tsarin yana da ɓaraka, kowa ya sani, domin ana yanka a lunguna ba da sanin kowa ba. Amma dai akwai shi, kuma akwai wanda za a tuhuma in ya yi sakaci. To, ku bi sawun tarwaɗa ku gani. Daga tankin mai kiwo ta faɗa bahon dillali, daga nan sai bayan a-kori-kura, sai kasuwa, sai wurin mai banda ko mai gashi, sai tukunyar uwargida. Hannu biyar ko shida ke taɓa ta, babu na hukuma ko ɗaya. Ba mai tambayar a wane ruwa ta girma, da me aka ciyar da ita, wane magani aka zuba mata shekaranjiya, me aka fesa mata bayan ta bushe. Kukan da na kawo gabanku ke nan: a samu wanda aikinsa shi ne yin waɗannan tambayoyi, a ba shi abin gwaji, kuma a faɗa mana abin da ya gano.

Kada a ɗauka na zo ɓata sana'ar kowa. Ƙasar nan tana bukatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Ragowar sai an shigo da shi a daskare daga waje da kuɗin ƙetare. Masu kiwon kifi su ne suka tashi tsaye suna cike wannan giɓi, har Najeriya ta zama kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwaɗa. A da, mutumin Kano kifin Tiga da Bagauda da Wudil ya sani, sai bandar Baga. Yau kuwa a bayan gidaje da gonakin gefen gari akwai tankunan siminti da na tamfol ba iyaka, na matasan da suka gama karatu ba aiki, da 'yan fansho, da matan aure masu juya jarinsu a cikin gida. Waɗannan mutane abin a yaba ne. Don sana'arsu ta ɗore nake wannan magana, kamar yadda nake yin ta don 'ya'yana da ke cin abin da suka kiwata.

Bari in fara da ruwa, tunda shi ne gidan kifi. Kano tana da manyan unguwannin masana'antu uku: Bompai da Sharaɗa da Challawa, kuma da yawa daga cikin kamfanonin da ke cikinsu na jimar fata ne. Kakanninmu majema da bagaruwa suke jima. Jimar zamani kuwa da gishirin wani ƙarfe ake yin ta, kuromiyam, wanda akwai nau'insa da masana suka tabbatar yana haddasa ciwon daji. Dagwalon Bompai yana bi ta rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya zarce madatsar Wasai. Na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa. Malamai da ɗaliban Jami'ar Bayero sun daɗe suna ɗibar ruwa da laka da kifi a waɗannan wurare suna gwadawa, suna rubuta abin da suka samu na kuromiyam da dalma da kadmiyam. Amma ko ba ka taɓa shiga ɗakin gwaji ba, tsayuwa a bakin Getsi da rani ta ishe ka: launin ruwan da warinsa ba sa bukatar tafinta. A wannan ruwa ake su, da shi ake ban-ruwan lambu, kuma mai kiwon da ba shi da halin haƙa rijiyar burtsatse, abin da ke kusa da shi zai janyo da injinsa.

Akwai wata halitta ta tarwaɗa da ke ruɗin mutane a nan. Allah ya yi ta da abin shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa a taɓo da ruwan da karfasa ba za ta kwana a ciki ba. Mai kiwo yana ganin kifinsa na cin abinci yana girma, sai ya ɗauka ruwan lafiya lau. Alhali ƙarafan nan ba sa narkewa, taruwa suke yi a hanta da ƙoda da matattarar numfashin kifin, wani kaso kuma ya shiga tsoka. Wuta ba ta ƙone su, tafasa ba ta kashe su, yaji da daddawa ba sa korar su. Mu kuwa ƙananan kifin banda da kai da ciki muke dakawa mu zuba a miya.

Ruwan Challawa ba a Kano yake tsayawa ba. Yana haɗuwa da kogin Kano, ya bi ta Wudil ya zama kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya shiga Komadugu Yobe wanda ya raba mu da jihar Diffa ta Nijar, ya ƙare a tafkin Chadi. Abin da aka zubar a bayan wata masana'anta a Kano, masuncin Nguru yana da haƙƙin ya tambayi labarinsa. Mutanen Gashuwa da kewayenta sun daɗe suna kuka da yawan ciwon ƙoda, har gwamnatin Yobe ta ɗora wa masu bincike aikin gano musabbabinsa. Ba na ɗora wa kifi laifin wannan ciwo. Ina dai roƙon a sa kifin kogin da lakarsa cikin abubuwan da ake gwadawa a kai a kai, kuma jihohin da ke sama da su a kan kogin su ba da hannu.

A yammacinmu kuma akwai masu haƙar zinare. Ba wanda ya manta da 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ko 2015 da irin wannan masifa ta auka wa Shikira a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Wancan ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta jawo shi. Amma akwai guba ta biyu a wannan sana'a da ba a cika maganarta ba, wato zaiba, wadda ake cuɗawa da garin dutse don ta kamo zinaren, sannan a wanke ragowar a rafi. In zaiba ta kwanta a laka, ƙwayoyin halittar da ke ciki suna juya ta zuwa wani nau'i da ke shiga tsokar kifi. Ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya cinye ƙarami, giwan ruwa ya cinye su duka, gubar tana ninkuwa a kowane mataki. Gulbin Zamfara da gulbin Ka suna zuba a gulbin Sakkwato, shi kuma ya faɗa Kwara, ya bi ta Yawuri zuwa tafkin Kainji, ɗaya daga cikin manyan rumbunan kifinmu.

An taɓa ganin ƙarshen irin wannan a garin Minamata na ƙasar Japan. Wata masana'antar sinadarai, Chisso, ta yi ta zubar da dagwalo mai zaiba a gaɓar tekun da masunta ke kamun kifi. Kyanwoyin garin ne suka fara haukacewa suna faɗawa ruwa. A 1956 likitoci suka ba da rahoton mutane masu karkarwa da shanyewar gaɓɓai da sarƙewar harshe, daga baya aka riƙa haihuwar jarirai da lalatacciyar ƙwaƙwalwa alhali iyayensu mata ba su nuna wata alama ba. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amsa a hukumance cewa dagwalon ne sanadi. Shekara goma sha biyu ana cin kifin ana gardama. Yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013 sunan wannan gari take ɗauke da shi, kuma Najeriya ta rattaba mata hannu, ta tabbatar da ita a 2018. Tunda mun sa hannu, ya kamata a ce akwai ma'aikacin da ke zuwa Yawuri lokaci-lokaci ya sayi giwan ruwa ya kai ɗakin gwaji.

Yanzu in zo kan abin da ya fi kusa da mu, wanda ke faruwa a cikin tanki kansa. Mutum ya zuba 'ya'yan kifi dubu biyu, ya yi wata huɗu yana ɗura musu abinci, abincin da shi kaɗai ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na jarinsa. Wata safiya ya leƙa ya tarar goma sun juya ciki sama, wasu da gyambo a jiki, wasu gemunsu ya zube. Ba shi da likitan da zai kira, domin likitocin dabbobin da suka san ciwon kifi ƙalilan ne. Sai ya buga wa abokin sana'a waya, a ce masa ya je shagon maganin kaji ya sayo oksitetarasaikilin, ko ya shiga kemis ya sayo kafso mai ja da rawaya na mutane ya farfasa a ruwa. Ba awo, ba takardar likita. In ya ga mutuwar ba ta tsaya ba, abu na gaba da zai yi shi ne kiran dillali a kwashe kafin ya tafka asara. Ke nan kifin da ya fi kowanne ɗauke da magani shi ne ya fi saurin isa kasuwa.

Kowane irin wannan magani yana da kwanakin jira, wato tazarar da dole a bari tsakanin ranar ƙarshe da aka ba dabba da ranar da za a ci ta, don jikinta ya fitar da shi. Yawancin masu kiwonmu ba su taɓa jin wannan magana ba, wanda ya ji kuma ba abin da ke tilasta masa. Akwai ma magungunan da ƙasashe da yawa suka hana a ba kowace dabbar ci, kamar kuloramfenikol mai iya kashe ɓargon da ke samar da jini, da wani koren sinadari, malakayit, da ake zubawa a wuraren ƙyanƙyasa don kashe fumfuna. Haɗarin ba a nan take ake ganinsa ba. Ƙwayoyin cuta ne ke sabawa da maganin a hankali, a cikin kifin, a cikin ruwan da ake tsiyayewa a kwata ko a lambu, da kuma cikin hanjin mai ci, har ranar da yaro zai kwanta da zazzaɓin taifod a ba shi magani ya ƙi ji. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne yankin da abin ya fi tsanani. Tankin kifi ba shi kaɗai ne ƙofar wannan bala'i ba, amma ƙofa ce da aka bari a buɗe ba mai gadi.

Tsadar abincin kifi ta sa da yawa suna haɗa nasu da masara da tunkuza da waken soya, wasu su ƙara da kayan cikin kaji da mushensu daga gidajen gona. Haɗa abinci a gida ba laifi ba ne. Sai dai masara da gyaɗar da suka sha danshi suna yin fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin, wadda ke cin hanta, kuma hatsin da ya lalace shi ne mai araha, shi ake turawa abincin dabbobi. Mushen kaza kuwa sau da yawa sai da aka gama ɗura mata magani ta mutu.

Sai maganar banda, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kwanakin baya na sayo busasshen kifi a wata kasuwa, mai kyan gani, ba tsutsa ba gari. Da maiɗakina ta jiƙa shi a ruwan zafi, sai wani wari ya tashi wanda duk wanda ya taɓa fesa ɗakinsa saboda sauro ya san shi. Fiya-fiya ce. Muka zubar da shi, muka yi miyar lami a daren. Da na ba wata dattijuwa a unguwarmu labari, sai ta ce ai ita ta daɗe da daina sayen bandar da ƙuda ba ya sauka a kanta. Ranku ya daɗe, ku dubi inda muka kai: ƙuda, wanda aka koya mana tun muna firamare cewa shi ne maƙiyin abinci, yau shi ne shaidar da matanmu ke dogara da ita, domin ba su da wata.

Sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper sunansa daikulobos, maganin ƙwarin gona ne mai aiki a kan jijiyoyi. In ya yi yawa a jikin mutum yana kawo amai da gudawa da dalalar yawu da sarƙewar numfashi, har ya kai ga kisa. Shi ne dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da sayen wakenmu a watan Yuni na 2015, bayan ta samu daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da ta amince da ita 0.01 ce. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna, kuma mun yaba. Amma a yau ɗin nan ɗan tebur a bakin titi zai miƙo maka shi ba tare da ya tambaye ka me za ka yi da shi ba.

Ba zan yi wa ɗan kasuwar kifi rashin adalci ba. Kwalin bandar da ya taso daga Baga ko Haɗeja ko Yawuri yana iya yin kwanaki a hanya kafin ya isa Onica ko Legas, ya kuma yi makonni a sito. In kifin bai bushe sosai ba, ƙwaro da tsutsa za su mayar da rabinsa gari. Mutumin yana kallon jarinsa na zagwanyewa, ga kwalbar da ba ta kai kuɗin kifi biyu ba za ta tsayar da ɓarnar. In an ƙwace kwalbar ba a ba shi wata dabara ba, gobe zai sayo wata. Dabarun kuwa suna nan: busarwa har ƙarshe, sa gishiri, rufewa a mazubin da iska ba ta shiga, sito mai tsabta da raga a taga. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta NSPRI, mai hedikwata a Ilori da reshe a nan Kano, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta NIFFR da ke New Bussa, duk sun ƙera murhun banda na zamani. Abin da ya rage shi ne a fitar da su daga harabar cibiyoyin zuwa bakin ruwa.

Murhun nan zai magance wata matsalar ta daban. A bandar rabin ganga, kitsen kifi yana ɗiga kan wuta, baƙin hayaki ya tashi ya manne a jikinsa, kuma a cikin wannan hayaki akwai sinadarin benzofayirin, wanda hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa a sahun farko na masu haddasa cutar. In aka hura wutar da leda ko tsohuwar roba saboda tsadar itace, abin sai ya ƙaru. Tun 2014 Turai ba ta karɓar bandar da ta wuce maikurogiram 2 na wannan sinadari a kilo. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa kai da Senegal an ƙera murhun Tiyaroy, mai tare kitsen kada ya taɓa garwashi, kuma mata masu banda a Ghana da Kodebuwa suna aiki da shi. Matanmu masu banda, waɗanda idanunsu da ƙirazansu ke shan hayaki tun safe har dare, su ne za su fara cin moriyarsa kafin mu masu saye.

Game da masu zuba gamalin a ruwa don kifi ya taso, doka ta riga ta yi magana: dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya, sinadarin lindan da ke cikin gamalin kuma an sa shi a jerin haramtattu na yarjejeniyar Stockholm a 2009. Tun zamanin da magimfa ce kawai gubar da aka sani, Sarkin Ruwa ne ke tsawatarwa, kuma har gobe ya fi kowane jami'i sanin wanda ya shiga ruwa da dare. A ba sarakunan ruwa matsayi a rubuce, da lambar da za su kira a zo.

A watan Maris na 2018 Amurka ta rufe ƙofa ga tarwaɗar Najeriya, har da bandar da 'yan uwanmu mazauna can ke saye. Ba wai sun kama guba a wani kwali ba ne. Sun nemi mu nuna musu a rubuce cewa muna da tsarin duba kifi daidai da nasu, tun daga tanki har zuwa kwali, muka kasa gabatar da abin da ya gamsar da su. An yi ta juyayin kuɗin ƙetaren da aka rasa. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Tsarin da Amurka ta nema ta rasa, ai shi ne wanda ya kamata ya kare ɗan Kurna da ɗan Damaturu. Su sun iya cewa ba sa so. Mu kifin nan dai shi ne a kasuwa, shi za mu saya.

Na fahimci inda gizo ke saƙar. NAFDAC ta fi ƙarfi a kan abincin da aka sarrafa aka sa a leda da lamba. Sashen kula da kifi yanzu yana ƙarƙashin sabuwar ma'aikatar da aka kafa a 2023, wadda hankalinta ya fi karkata ga teku da tashoshin jiragen ruwa. NESREA tana kallon bututun masana'antu. Kasuwa ta ƙaramar hukuma ce, tanki kuma yana bayan katangar gidan mutum. Kowa yana da yanki, tarwaɗa kuwa ta sulale ta tsakaninku. Don haka roƙona na farko ga Mai Girma Minista shi ne ya tara waɗannan hukumomi a fitar da guda ɗaya da za a ce ita ce mai alhakin lafiyar kifin da ake ci a cikin gida, ba wanda ake fitarwa waje kaɗai ba.

Ba sai an gina sabon abu ba kafin a fara. NAFDAC tana da ɗakin gwaji a Kaduna. Jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da Maiduguri suna da injunan gano ƙarafa a jikin abinci, da ɗaliban da kowace shekara suke wannan aiki don samun digiri, a ɗaure kundin a jera a kanta ya sha ƙura. Masu Girma Gwamnoni, ku ɗauki nauyin sinadaran gwaji da man mota, a riƙa ɗibar samfur duk wata uku daga manyan kasuwannin kifi da tankuna da bakin koguna. A horar da dubagari su san warin fiya-fiya a jikin banda kamar yadda suka san ruɓaɓɓen nama. A tura likitan dabbobi ko guda ɗaya da ya san kifi zuwa kowace shiyya, wanda mai kiwo zai kira kafin ya nufi kemis. Ƙungiyoyin masu kiwo su sa kowane ɗan ƙungiya ya riƙe ɗan littafi yana rubuta ranar da ya zuba magani da ranar da ya sayar, kuma wanda ya kiyaye a ba shi shaidar da zai nuna wa mai saye, don gaskiyarsa ta zama riba gare shi.

Ga NESREA da ma'aikatun muhalli na jihohi, maganar gajeriya ce. Tace dagwalo kafin a sake shi wajibi ne a dokokinku. In za a fara hukunci, a fara da mai bututu, kada a fara da mai tanki.

Malamanmu ma suna da rawar takawa, kuma hukuma ce za ta kai musu bayanin. Sun san labarin ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa a kan algus. Sau da yawa mai fesa fiya-fiya bai ɗauki abin da yake yi a matsayin algus ba, gani yake adana kaya yake yi. Huɗuba ɗaya ta Juma'a a garin masunta za ta isa inda takardar ofis ba ta isa ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi nauyaya: in an gwada, a faɗa. Na san akwai fargabar kada a tsorata jama'a a karya kasuwa. Amma shiru ne ke karya kasuwa, domin ranar da wani ya ɗauki murya a WhatsApp ya ce kifin gari kaza na kisa, ba wanda ke da alƙaluman da zai ƙaryata shi, mai gaskiya da mai algus duk su kwana da kayansu. Kifi abinci ne mai gina jiki, mai ciki da mai shayarwa da yaron da aka yaye suna bukatarsa, kuma ba na fatan ko gida ɗaya ya daina ci saboda wannan takarda. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ina kyautata zaton cewa da yawan kifinmu zai fito da tsabta. A bar mu mu san wanne ne.

Saboda haka ina roƙonku, don girman Allah da haƙƙin talakawan da kuke riƙe da amanarsu, kafin shekarar nan ta fita ku aika a ɗebo kifi ɗanye da banda daga kasuwar Galadima ta Kano, da kasuwar kifi ta hanyar Baga a Maiduguri, da Haɗeja da Nguru da Yawuri. A gwada dalma da kuromiyam da zaiba da ragowar magani da fiya-fiya, sannan a karanta mana sakamakon a rediyo, da Hausa, kasuwa bayan kasuwa.

Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon yi.